Marie: Asalin Sunan da Yadda Ya Yaɗu a Ƙasar Faransa

Duk wanda ya soma koyon Faransanci ba ya daɗewa bai ci karo da sunan Marie ba. Ana rubuta shi da haruffa biyar, amma ana furta shi "Mari", gama harafin ƙarshe ba ya fita a baki. A shekara ta 1900, cikin kowaɗanne 'yan mata biyar da aka haifa a Faransa, ɗaya Marie aka sa mata. A shekara ta 2016 kuwa, cikin 'yan mata 1,000 uku ne kaɗai suka sami sunan. A cikin wannan nazari za mu bi sawun sunan tun daga asalinsa, mu ga abin da ya ɗaukaka shi, da abin da ya sa ya ja baya, sa'an nan mu ɗauki abin da ya shafe mu. Hausawa sun ce suna linzami ne. Za mu ga cewa suna yana iya ba da labarin al'umma gaba ɗaya.

Asalinsa daga Ibrananci

Ko da yake sunan ya zama ɗan gida a Faransa, baƙo ne da ya yi doguwar tafiya. Tushensa shi ne sunan Ibraniyawa Miryam, wanda Littafi Mai Tsarki na Hausa ya rubuta Maryamu. Mace ta fari da muka sani da wannan suna ita ce 'yar'uwar Musa da Haruna. An ambace ta a Fitowa 15:20, inda ta ja mata suna waƙa bayan ƙetare teku, kuma Littafin Ƙidaya 20:1 ya ba da labarin rasuwarta a Kadesh.

Masana harshe sun kawo fassara iri uku game da ma'anar sunan. Waɗansu sun danganta shi da kalmar Ibrananci mai nufin ɗaci, wadda daga gare ta aka sami Mara, sunan ruwan nan mai ɗaci na Fitowa 15:23, da sunan da Na'omi ta kira kanta da shi a Rut 1:20. Waɗansu sun danganta shi da kalmar da take nufin tawaye. Na uku sun ce tun da a Masar aka haifi Maryamu, kuma sunan ƙanenta Musa ma yana da tushe a harshen Masarawa, to nata sunan daga kalmar Masarawa mai nufin ƙaunatacciya ya fito.

Akwai fassara ta huɗu wadda ta samo asali daga tuntuɓen alƙalami. Jerome, malamin nan da ya zauna a Baitalami ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya rasu kuma a shekara ta 420, ya raba sunan gida biyu: ɗigo da teku. Da Latin ya rubuta stilla maris, wato ɗigon teku. A wancan zamani da hannu ake kwafar littattafai. Masu kwafa suka sauya harafi ɗaya, stilla ta koma stella, ɗigo ya koma tauraro. Ta haka aka sami laƙabin Stella Maris, tauraruwar teku, wanda masunta da matuƙan jiragen ruwa na Turai suka riƙe hannu bibbiyu, har yau kuma akwai majami'u da makarantu masu wannan suna a ƙasashe da yawa.

Yadda Maryam ta zama Marie

A ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, Yahudawan birnin Iskandariya suka fara juya littattafansu zuwa Helenanci. Suka rubuta sunan Mariam, kamar yadda ake furta shi a lokacin. Amma kalmomin Helenanci na asali ba sa ƙarewa da harafin "m". Don haka masu magana da harshen suka riƙa yar da shi, suna cewa Maria. A Sabon Alkawari na Helenanci ana samun duka biyun, Mariam da Maria.

Mu ma mun san irin wannan gyara a harshenmu. Bahaushe ya fi son kalma ta ƙare da wasali, shi ya sa Adam ya zama Adamu, Maryam ta zama Maryamu. Damuwar ɗaya ce, maganin ne ya bambanta: mu muka ƙara wasali, Helenawa suka cire baƙi.

A zamanin Yesu wannan suna ya fi kowane sunan mata yawa a ƙasar Yahudawa. Wata malamar tarihi mai suna Tal Ilan ta tattara sunayen matan wancan zamani daga rubuce-rubuce da akwatunan dutse na ƙasusuwan matattu, ta tarar kusan mace ɗaya cikin huɗu Maryamu ce. Wannan ya bayyana abin da yakan rikita ɗalibai a ajin Littafi Mai Tsarki: ga Maryamu uwar Yesu, ga Maryamu Magadaliya, ga Maryamu ta Betanya 'yar'uwar Marta, ga Maryamu matar Kilofas, ga Maryamu uwar Yohanna Markus, ga kuma wadda Bulus ya gaisar a Romawa 16:6. Dole marubuta su haɗa kowace da sunan garinta, ko na mijinta, ko na ɗanta.

Daga Helenanci sunan ya shiga Latin, harshen daular Roma, a matsayin Maria. Faransanci kuwa daga Latin ya tsiro, kuma a hanya wasalin "a" na ƙarshen kalma ya raunana ya koma "e". Rosa, wato fure, ta zama rose. Porta, wato ƙofa, ta zama porte. Bisa wannan ƙa'ida Maria ta zama Marie.

Yadda ya sami gindin zama a Faransa

Kada mu ɗauka cewa da zuwan addinin Kirista sunan ya yaɗu nan take. Ƙarnuka da yawa mutanen ƙasar suna riƙe da sunayen kakanninsu na Jamusawa, irin su Clotilde, Radegonde da Berthe. Girmama uwar Yesu ya ƙaru bayan taron ikkilisiya na Afisa a shekara ta 431, amma sai a ƙarni na 12 ne sunanta ya fara yawaita a gidajen mutane. A wannan ƙarni Bernard na Clairvaux, wanda ya rasu a 1153, ya yi wa'azi mai yawa a kanta. Aka shiga gina manyan majami'u da sunan Notre-Dame, wato Uwargijiyarmu: ta Paris an fara ta a 1163, ta Chartres an sake gina ta bayan gobarar 1194, ta Reims an fara a 1211, ta Amiens a 1220. Sarki Louis na 7 ya sa wa 'yarsa ta fari, wadda aka haifa a 1145, suna Marie. Mace ta farko da aka sani ta yi waƙoƙi a rubuce da Faransanci, a ƙarshen wannan ƙarni, ita ma Marie de France ake kiranta.

Duk da haka, na dogon lokaci Jeanne ne sunan da ya fi yawa a tsakanin mata. Daga ƙarni na 17 Marie ya karɓi gaba. Abubuwa uku ne suka tallafe shi, kamar duwatsun murhu.

Na farko shi ne koyarwar ikkilisiya. A ƙarni na 16 Furotestan na Faransa sun so sunayen Tsohon Alkawari, irin su Sara, Esther, Judith da Suzanne. Ikkilisiyar Katolika, bayan taron Trent na 1545 zuwa 1563, ta umarci firistoci su lura a sa wa jariri sunan wani tsarkaka a wurin baftisma, domin ya yi koyi da shi. Ga 'ya mace babu sunan da ya kai na uwar Yesu. Sarauta ma ta sa hannu. A ranar 10 ga Fabrairu 1638, Sarki Louis na 13, wanda ya yi fiye da shekara 20 da aure ba magaji, ya danƙa mulkinsa ga Maryamu, ya kuma ba da umarni a riƙa yin jerin gwano kowace ranar 15 ga Agusta. A watan Satumba na wannan shekara aka haifa masa ɗa, wanda ya zama Louis na 14. Har yau 15 ga Agusta ranar hutu ce a Faransa.

Na biyu shi ne al'adar takwara. A ƙauyukan Faransa iyaye ba su cika zaɓen suna da kansu ba. Yarinya takan ɗauki sunan uwar baftismarta, wadda sau da yawa kakarta ce ko gwaggonta, yaro kuma ya ɗauki na uban baftismarsa. In uwar baftisma Marie ce, jaririya ta zama Marie, ita ma in ta girma ta ba wata. Da zarar suna ya yi yawa, wannan al'ada takan sa ya riƙa haifar kansa tsara bayan tsara. Tun daga dokar Villers-Cotterêts ta 1539, wadda ta wajabta wa firistoci rubuta kowace baftisma a rajista, ana iya bin wannan sarƙa a littattafan majami'u.

Na uku shi ne doka. A lokacin juyin juya halin da ya fara a 1789, an ɗauke rajistar haihuwa daga hannun firistoci a 1792 aka mayar ofishin magajin gari. Waɗansu masu zafin ra'ayi suka yar da sunayen tsarkaka, suka sa wa 'ya'yansu Brutus, ko Liberté wato 'yanci, ko sunayen furanni da itatuwa. Napoleon ya taka wa abin birki da dokar 1 ga Afrilu 1803, wadda ta ce ba za a karɓi suna ba sai wanda yake cikin kalandu ko na sanannun mutanen tarihin dā. Kalandar da kowa ya sani kuwa ta tsarkaka ce. Wannan doka ta yi shekara 190 tana aiki.

Wani abin lura shi ne, ko masu juyin juya halin ba su tsere wa sunan ba. Matar da suka zana ta zama alamar Jamhuriya, wadda siffarta take a ofisoshin magajin gari da kan tamburan wasiƙa, Marianne ake ce da ita, wato Marie da Anne a haɗe, sunaye biyu da suka cika gidajen talakawa.

Sarauniyoyi, maza da sunaye masu tagwaye

A fada ma sunan ya yi yawa. Marie de Médicis ta zo daga Italiya ta auri Henri na 4 a 1600. Marie-Thérèse ta zo daga Sifen ta auri Louis na 14 a 1660. Maria Antonia ta zo daga Ostiriya a 1770, aka juya sunanta ya zama Marie-Antoinette, ita ce aka sare wa kai a 1793. Haka baƙi suka riƙa yi har daga baya. Maria Skłodowska, wadda aka haifa a birnin Warsaw a 1867, ta iso Paris a 1891 don karatu, ta rubuta sunanta Marie. Ita ce Marie Curie, wadda ta sami lambar Nobel a 1903 da kuma 1911.

Maza ma an sa musu, galibi a haɗe da sunan namiji. Ɗaliban kimiyya da suke auna wutar lantarki da amfiya su sani cewa daga André-Marie Ampère aka samo kalmar. Cikakken sunan marubuci Victor Hugo shi ne Victor-Marie Hugo. Voltaire, wanda ya shahara wajen sukar ikkilisiya, sunansa na yanka François-Marie Arouet. Janar Charles de Gaulle ma yana da Marie a cikin sunayensa.

A ƙarni na 19 sunan ya ƙara ƙarfi saboda labaran waɗanda suka ce Maryamu ta bayyana gare su: a Paris a 1830, a La Salette a 1846, a Lourdes a 1858, da Pontmain a 1871. Misali ɗaya ya isa ya nuna yadda abin ya kai. Louis Martin da matarsa Zélie, mazaunan garin Alençon, sun haifi 'ya'ya tara, mata bakwai da maza biyu, kuma dukansu da Marie sunansu ya fara. 'Yar autarsu, Marie-Françoise-Thérèse, wadda aka haifa a 1873 ta rasu a 1897, ita ce duniya ta sani da Thérèse ta Lisieux.

To, in gida ya cika da Marie, yaya za a kira ɗaya ba tare da duka sun amsa ba? Hanya ta farko ita ce haɗa suna biyu: Marie-Louise, Marie-Claire, Marie-Claude, Marie-France, Anne-Marie. Irin waɗannan sun yi tashe ƙwarai a shekarun 1940 da 1950. Hanya ta biyu ita ce sunan shagwaɓa, kamar yadda mu muke mai da Maryamu Mairo: Marion, Manon, Mariette, Marinette. Daga Marion ne aka sami kalmar marionnette, 'yar tsanar nan da ake motsa ta da zare.

Abin da ƙididdiga ta nuna

Hukumar ƙididdiga ta Faransa, INSEE, wadda aka kafa a 1946, tana fitar da jerin sunayen da aka sa wa jarirai tun daga 1900. Bisa wannan jeri, Marie ne kan gaba a sunayen mata daga 1900 har cikin shekarun 1950, ko da yake kasonsa yana raguwa a hankali. Daga nan Brigitte ya karɓa, a daidai lokacin da 'yar fim Brigitte Bardot take tashe, sai Sylvie da Nathalie a shekarun 1960. Jérôme Fourquet, a littafinsa L'Archipel français na 2019, ya yi amfani da sunan Marie ya auna yadda tasirin addinin Katolika ya ragu a ƙasar: daga kashi 20 cikin 100 a 1900 zuwa ƙasa da rabin kashi ɗaya a 2016. Ya kuma nuna cewa yankunan da suka fi riƙo da addini, kamar Bretagne da Vendée a yamma, su ne suka fi yawan Marie a farkon ƙarnin.

In mun koma kan duwatsun murhun nan uku, za mu ga an janye su ɗaya bayan ɗaya. A 1905 aka raba gwamnati da ikkilisiya, kuma daga shekarun 1960 masu zuwa sujada suka ragu sosai. Mutane suka bar ƙauyuka suka koma birane, al'adar ɗaukar sunan uwar baftisma ta mutu, iyaye suka fara neman sunan da ba na kowa ba. A 1966 gwamnati ta sassauta dokar Napoleon, a ranar 8 ga Janairu 1993 kuma sabuwar doka ta ba iyaye 'yancin zaɓe. Abin da ya rage shi ne, in jami'in rajista ya ga suna zai cuci yaro, sai ya kai magana gaban hukuma, alƙali ya yanke. Ta haka ne wata kotu a Valenciennes ta hana a kira wata jaririya Nutella, sunan abin shafa wa burodi, ta mai da shi Ella, labarin da ya bazu a 2015.

Da aka janye duwatsun, sai yayi ya karɓi ragama. Masu bincike biyu, Philippe Besnard da Guy Desplanques, sun nuna tun a shekarun 1980 cewa sunaye suna hawa suna sauka kamar ɗinkin tufafi. Suna yakan yi tashe na ɗan lokaci, sa'an nan a ga ya tsufa, sai bayan masu shi sun shuɗe jikoki su tono shi. Fim ma yana da hannu: bayan fitowar Manon des sources a 1986, sunan Manon ya hau har ya kai kan gaba a tsakiyar shekarun 1990. Iyaye da yawa da suke gudun Marie domin sunan tsofaffi ne, suka zaɓi Manon, wanda daga Marie ɗin ya fito. Daga 2010 zuwa gaba, Emma, Louise da Jade ne suka riƙa karɓeɓeniya a kan gaba. Louise kuwa sunan kakannin kakanni ne da ya komo.

Reshen da ya biyo ta wajenmu

Sunan ya kuma shiga Faransa ta wata ƙofa. A Larabci ya riƙe tsohon furucinsa, Maryam. Ita ce mace kaɗai da Alƙur'ani ya ambata da suna, kuma sura ta 19 sunanta take ɗauke da shi. Iyalan da suka zo Faransa daga arewacin Afirka da yammacinta sun kawo Maryam, Mariam, Meriem da Mariama. Saboda haka a aji ɗaya na makarantar Paris ko Marseille ana iya samun Marie, Myriam, Manon da Mariama, dukansu takwarori.

Wannan reshe na Larabci shi ne ya iso ƙasar Hausa tun da daɗewa, ya ba mu Maryam, Maryama, Mairamu da Mairo. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana da 'ya mai suna Maryam, malama, wadda ta ci gaba da aikin koyar da mata bayan rasuwar yayarta Nana Asma'u. A Yamai, babban birnin Nijar, wata sananniyar makarantar sakandare da mishan Katolika ta kafa tana amsa sunan Mariama, sunan da iyaye Kirista da Musulmi duka suke ganin nasu ne. A ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka, kamar Nijar, Kamaru da Cadi, rassan biyu sun haɗu, Marie da Mariama suna zaune benci ɗaya.

Abin da za mu koya

Tarihin wannan suna ya nuna mana cewa zaɓen suna ba ya zuwa daga iska. Kakar Bafaranshe ta sami sunanta daga bangaskiya, dangi da doka. Jikarta ta sami nata daga fim, waƙa da son a bambanta da maƙwabta. Tsohuwar hanya tana da nata nauyi, domin ta tauye zaɓi har 'yan'uwa tara suka yi tarayya da suna ɗaya. Sabuwar hanya ma tana da nata, domin sunan yayi yakan tsufa tare da yayin, ya kuma bar yaro ba abin da zai faɗa in an tambaye shi dalilin sunansa.

Yawancin ɗaliban da suke karanta wannan shafi za su tsaya wata rana a gaban fasto ko dattawan gida a tambaye su sunan jariri. Muna ba da shawara kafin ranar su san ma'anar sunan da za su faɗa, da wanda ya taɓa amsa shi, su kuma tambayi kansu ko yaron zai ji daɗin amsa shi yana ɗan shekara 60. Wanda aka riga aka sa masa kuwa, abin da ya rage gare shi shi ne halin da zai jingina wa sunan. An yi Marie dubbai a shekarar da Marie Curie ta iso Paris, aikinta ne ya sa ake tunawa da ita.

Tambayoyi don nazari

1. Bayyana matakan da sunan ya bi daga Miryam zuwa Marie, ka ambaci harsunan da ya ratsa.
2. Waɗanne abubuwa uku ne suka ɗaukaka sunan a Faransa, kuma a waɗanne shekaru ne kowannensu ya raunana?
3. Duba rajistar ajinku, ka ƙirga sunayen da suka fito daga Maryamu. Kwatanta da sunayen kakanninku mata.
4. A lokacin hutu ka tambayi iyayenka wanda ya zaɓa maka suna da dalilinsa, ka rubuta abin da suka faɗa a shafi ɗaya.